Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama



A tarurrukan ƙungiyoyin gama kai da na ke zuwa, akwai magana ɗaya da ta fara yawaita, watau maganar sayen mota. Dalilin kuwa a fili ya ke. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin dako ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Manomin da zai kai masara ko waken soya Dawanau, da mai kai rake Makarfi, da mai noman rani a bakin madatsar ruwan Challawa, dukansu kuka ɗaya su ke yi: kafin kaya su isa kasuwa, mai mota ya riga ya ci rabonsa cikin riba. Domin haka ƙungiyoyi da dama sun ce gara su tara kuɗi su sayi akori-kura ko ƙaramar Hijet ta kansu. Shawara ce mai kyau, ni ma ina goyon bayanta. Abin da ya ke damuna shi ne yadda mu ke jin farashin motar tun kafin mu gan ta.

ABIN DA YA SAME MU

Bara wata ƙungiya da na ke aiki da ita a gundumar Rogo ta yanke shawarar sayen mota. Sakatarensu saurayi ne mai wayar zamani. Ya ga hoton wata mota a Facebook, fenti na ƙyalli, tayoyi kamar sababbi. Ba a rubuta kuɗi ba, sai lambar waya da cewa a kira a ji farashi. Ya kira a gabanmu. Wanda ya ɗauka ya yi mana gaisuwa mai daɗi, ya faɗi kuɗi, ya ce mu yi sauri domin akwai wani mai so. Muka ƙirga abin da ke asusu, muka ga ya rage kaɗan. Sai 'yan ƙungiya suka fitar da masarar da suka ajiye domin bazara, aka sayar da ita tun farashi bai tashi ba, aka cika kuɗin.

Da asuba mu uku muka kama hanya, ni da shugaba da ma'aji. Muka bi ta Karaye da Gwarzo, muka isa Kano hantsi ya yi. A can muka tarar wanda muka yi magana da shi ba shi ne mai motar ba. Dillali ne, shi ma kuwa wani dillali ne ya turo masa hoton. Motar da muka gani, in ji su, an sayar da ita jiya da yamma, amma ga wata wadda ta fi ta, sai dai kuɗinta ya ɗara. Da muka ƙara bincike muka ji cewa ko farashin da aka faɗa mana a waya ba ya haɗe da la'ada, ba ya haɗe da lamba, ba ya haɗe da sauya sunan mai mota a takardu. Muka komo gida da dare hannu banza. Mun yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa, da yinin aiki na mutum uku, ga masara kuma ta riga ta tafi da araha.

A hanya ma'aji, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya dube ni ya ce, "Malam, yau kam mun yi cinikin biri a sama." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Ban iya ƙara kome ba, gama laifin har da ni. Ina tsaye aka yi wayar, na ji kuɗin, ban tambayi abin da ke cikinsa ba.

Tun daga ranar na tsai da ra'ayi, shi ne kuma na ke so in sa a gabanku. Kuɗin da aka faɗa a waya ko aka rubuta a intanet bai zama farashi ba tukuna, sai ya cika abu uku: a haɗa dukan abin da za a biya, a rubuta shi, a kuma ɗaure shi a kan mota guda wadda aka san lambar jikinta. In ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, kada ƙungiya ta taɓa asusunta, kada kowa ya hau hanya.

YADDA FARASHI KE KUMBURA

Yawancin motocin da mu ke iya saye ba sababbi ba ne. An yi aiki da su a Turai ko Amurka ko Japan, sa'an nan aka kawo su ta tashar jiragen ruwa ta Legas, ko kuwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin. Shekaru da yawa motocin Kwatano su kan biyo ta Nijar, su ratsa Maraɗi su shigo arewa. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma wannan bai sa ɓarauniyar hanya ta mutu ba. Shi ya sa za ka ga motoci biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, amma ɗaya ta fi araha ƙwarai. Sau da yawa bambancin shi ne kuɗin kwastan: an biya na ɗaya, ba a biya na ɗayar ba, ko an biya rabi. Mai tallar ba zai rubuta wannan a ƙarƙashin hoto ba. Kai ne za ka ji a jikinka ranar da jami'an kwastan suka tsai da motar a hanyar Zariya cike da buhunan ƙungiya. Yawan irin motocin nan ne ya sa a shekarar 2024 Hukumar Kwastan ta ba da wa'adin kwana 90 domin masu su su je su biya abin da a ke binsu.

Bayan wannan sai maganar dillalai. Mai fili ya ajiye mota, yaransa su ɗauki hoto su watsa a WhatsApp. Wani ya ɗauka ya sa a Facebook, wani a TikTok, wani a dandalin talla irin Jiji. Kowane hannu da hoton ya ratsa, sai an ɗora wani abu a kai. Mota ɗaya ta kan fito wuri huɗu da farashi huɗu. Akwai kuma mai yin akasin haka: ya rubuta kuɗi ƙasa da na gaskiya domin kawai ka kira, ka taso. Ya san in mutum ya baro Rogo ya sha tafiya, ga kuɗin jama'a a aljihu, ga kunyar komawa hannu banza, da wuya ya ƙi ƙari. Nisanmu da birni shi ne jarinsa. Mutumin Kano in bai gamsu ba sai ya taka zuwa fili na gaba, gobe ma ya dawo. Mu kuwa zuwa ɗaya mu ke da shi.

Sa'an nan ga waɗanda ba su rubuta kuɗi sam, sai "a kira". Me ya sa? Domin su ji muryarka tukuna. Su na so su san daga ina ka ke, ko ka san mota, ko kuɗin naka ne ko na taro. Da ka ce, "Mu ƙungiya ce daga ƙauye," farashi ya riga ya hau matakala ɗaya.

Mafi muni duka su ne 'yan damfara, waɗanda ba su da mota ko ɗaya. Su kan ce gwanjon kwastan ne, ko mai motar yana da maras lafiya a asibiti, a turo kafin alƙalami kada wani ya riga. Da kuɗi sun shiga, waya ta mutu.

ABIN DA MASU MOTOCI KE CEWA

Kada mu yi musu rashin adalci. Na zauna da waɗansu masu sayar da motoci, kuma su na da tasu hujja.

Ta fari, sun ce kuɗin waje ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wannan gaskiya ne. Kafin watan Yuni na 2023 farashin gwamnati na dala ɗaya yana wajen naira 460, amma zuwa farkon 2024 ya haura naira 1,500, kuɗin kwastan kuma yana bin dala. Mutumin da ya sayar da mota da farashin makon jiya ya kan kāsa sayo wata a madadinta. Amma maganin wannan ba ɓoye farashi ba ne. Sai ya rubuta kuɗin, ya sa masa wa'adi, ya ce farashin nan yana nan har ranar Asabar. Mai sayar da taki ma haka ya ke yi da mu, ba mu kuwa yi faɗa ba.

Ta biyu, sun ce ciniki al'adarmu ce, Bahaushe ba ya sayen abu sai ya taya. Wannan ma gaskiya ne, ni ma ban ce a daina tayi ba. Amma ku duba yadda a ke cinikin sa a kara. Sa yana tsaye a gabanka, ka duba haƙoransa, ka ga tafiyarsa. Ka taya, mai shi ya ce albarka, ka ƙara, har ya sallama. Dillali yana wurin, kowa ya san la'adarsa, in kuma san na sata ne shi za a kama. Da an sallama magana ta ƙare, ba mai zuwa daga baya ya ce kuɗin ƙaho dabam, kuɗin wutsiya dabam. Cinikin iyayenmu ke nan: a fili, gaban shaidu, a kan abin da ido ya gani. Tayi daga sama ya ke saukowa ƙasa. Abin da a ke yi mana a waya kuwa daga ƙasa ya ke hawa sama, bayan mun riga mun taso. Wannan ba al'ada ba ce.

Ta uku, sun ce in sun rubuta farashi maƙwabci zai gani ya karya nasa. To, ai amfanin kasuwa ke nan. Mu ma da mu ke kai hatsi Dawanau, mai saye ya kan zaga rumfa goma kafin ya tsaya, ba wanda ya ji tausayinmu.

DOKA TANA GEFENMU

Da yawa cikinmu ba su san cewa akwai doka a kan wannan ba. Dattawa za su tuna zamanin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, da yadda akori-kurar 504 ta cika hanyoyin karkara. A 1977 gwamnatin soja ta yi dokar ƙayyade farashi, motoci da babura da kekuna na cikin kayan da ta lissafa. Yau gwamnati ba ta yanka wa mai mota kuɗin da zai sayar. Amma akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Sashe na 115 na dokar ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin abin da ya baje domin sayarwa, ya kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya bayyana. Dokar ta kuma ce a sanar da mai saye in kayan na hannu ne ko gyararre, a kuma ba shi shaidar ciniki a rubuce. Hukumar FCCPC ce ke lura da dokar. A watan Fabrairu na 2024 ta rufe wani babban kanti a Abuja domin kuɗin da ke rubuce jikin kaya ya saɓa da wanda a ke karɓa wurin biya. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye inda a ke kai ƙara.

Kada mu zaci mu kaɗai ke fama. A Amurka tun 1958 aka yi doka cewa kowace sabuwar mota sai an manna mata takardar farashi a gilashi. Duk da haka kukan masu saye bai ƙare ba. A watan Disamba na 2023 hukumar ciniki ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida domin tilasta wa dillalan motoci su faɗi cikakken farashi, su daina tallar ƙarya. Ƙungiyoyin dillalan suka kai ƙara, a watan Janairu na 2025 kotu ta soke ƙa'idar a kan cewa ba a bi matakan da suka kamata wajen yin ta ba. In a ƙasar da kusan kowa ya iya karatu a ke wannan ja-in-ja, to mu a nan kada mu zauna jiran hukuma ta zo Rogo ta tsare mana kuɗinmu. Doka tana amfani ga wanda ke riƙe da shaida. Maganar baka a waya kuwa ba ta barin sawu.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Ga shawarwarin da na ke ba kowace ƙungiya yanzu. Ina roƙo a karanta su a taro, a rubuta su cikin littafin sakatare.

1. Kafin a kira kowa, a zauna a yanke irin motar da a ke so da iyakar kuɗin da za a kashe. A ware wani kaso domin gyara, da taya, da man fara aiki. Kada a faɗa wa mai sayarwa abin da ke asusu.

2. A nemi farashi a wuri uku ko fiye. A tambayi direbobin tasharmu da bakanike da muka sani nawa aka sayi irinta kwanan nan.

3. Tambaya ta fari a waya ita ce, "Kai ne mai motar, ko dillali ne?" Dillali ba abin ƙi ba ne, amma ya faɗi la'adarsa tun farko, da wanda zai biya ta.

4. Tambaya ta biyu, "Nawa za mu biya duka duka, har mu fita da motar daga filinka?" A bi su ɗaya ɗaya: kuɗin mota, la'ada, kuɗin kwastan an biya ko ba a biya ba, lamba, inshora, sauya suna. Mu ɗauka misali an ce naira miliyan 6. In daga baya la'ada da takardu da lamba suka ci wata naira 500,000, farashin motar miliyan 6 da rabi ne, haka kuma ya kamata a faɗa wa 'yan ƙungiya.

5. A ce ya rubuto wannan duka ta WhatsApp ko saƙon waya, da sunansa, da adireshin filin, da ranar da farashin zai ƙare. Kada a share saƙon. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ku amsa.

6. A ce ya turo hoton lambar shasi, watau lambar da aka buga jikin ƙarfen motar, da hoton takardun kwastan. Lambar da ke takarda ta dace da ta jikin mota. In da hali a yi kiran bidiyo a ranar, a ga motar tana aiki. Ƙananan motocin Japan da yawa da sitiyari a dama a ke ƙera su, a kan juya shi hagu, sai a tambaya ko an juya, bakanike kuma ya duba aikin.

7. Kada a tura ko kwabo kafin a ga mota. In muna da ɗan'uwa amintacce a Kano, ya je ya gan ta tukuna kafin wakilai su taso.

8. Wakilai su tafi da bakanikenmu, ba wanda mai fili ya kawo ba. A kai takardun ofishin kwastan a tabbatar da su. In an tarar motar ba ita ba ce, ko kuɗin ya canja, a juyo. Ƙungiya ta yi alkawari tun a gida cewa ba za ta zargi wakilan da suka komo da kuɗi ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, gama kunya ita ce ke sa mutum ya sayi abin da bai yi niyya ba.

9. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya. A karɓi rasit mai lambar shasi, shaidu biyu su sa hannu. A yi takardun da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba, domin kada rigima ta tashi bayan ransa.

Waɗansu za su ce wannan dogon zance ne, mota za ta wuce mu. Bari ta wuce. Motoci ba su ƙarewa a Kano, amma kuɗin da gwauraye da tsofaffi suka tara mudu mudu in ya tafi ba ya dawowa, kuma ba kuɗin kaɗai ke tafiya ba. Na ga ƙungiyar da ta watse ba domin fari ko ƙwari ba, sai domin zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa a kan kuɗin da ba a rubuta ba. Ma'ajin da ya komo da farashi dabam da wanda aka ji a taro, ko da bai ci kwabo ba, zai sha wuya kafin a sāke yarda da shi. Rubutaccen farashi yana tsare asusu, yana kuma tsare mutuncin wanda aka aika.

MU MA MU DUBA KANMU

Ba zan rufe ba sai na juyo da maganar gida. Yanzu mu ma muna ciniki ta waya. Ɗan kasuwa ya kan kira daga Kano ko Funtuwa ya tambayi kuɗin buhu, mu faɗa masa, ya ɗauko mota ya taso. In ya iso muka ce farashi ya tashi da safe, ko muka sa mai kyau a bakin buhu, ƙaiƙayi da tsakuwa a ƙasa, to mene ne bambancinmu da dillalin da ya yaudare mu? Abin da mu ke nema a wurin mai mota, mu fara yi wa mai sayen hatsinmu: farashi ɗaya, mudu cikakke, magana ɗaya. Ƙungiyar da aka sani da haka ba ta rasa mai saye.

Ga masu sayar da motoci kuma, in wannan takarda ta kai hannun ɗayanku, ga saƙonmu. Ƙungiyoyin manoma suna da yawa a ƙasar nan, kuma muna jin labarin juna. Wanda ya rubuta mana farashinsa cikakke ya kuma tsaya a kai, za mu faɗa wa ƙungiya ta gaba. Wanda ya juya mana magana, shi ma za mu faɗa.

Ƙungiyar nan ta Rogo ta sayi motarta daga baya. Mun yi wata biyu muna tambaya, mutum huɗu suka ƙi rubuta mana kuɗi, na biyar ya rubuta. Da muka je, abin da ke cikin saƙon shi muka biya, har Baba ma'aji ya taya aka rage mana kaɗan. Ranar kasuwa in kun ga wata farar Hijet ɗauke da buhuna tana hawa hanyar Karaye a hankali, mai yiwuwa ita ce.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi kuma tsare mana guminmu.

Naku,
Malamin Gona, Karaye